Askin da Ya Kwantar da Sahabi

Ƙanena Sahabi ya yi makonni yana yawo a cikin Wurno da karyayyen wuya, shi bai sani ba, mu ba mu sani ba. Yana cin tuwo, yana zuwa masallaci, duk wanda ya gan shi sai ya dubi ɗinkin da ke kansa ya ce barka da arziki. Kowa kai yake kallo, domin a nan jini ya fito.

Sana'ata albasa da tafarnuwa. Da tiya na fara a bakin kasuwa, yau ina loda mota zuwa kudu. Sahabi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma shi ne ƙarfin sana'ar. Ni ke ciniki, shi ke lodi. Buhun da mutum biyu ke ɗagawa suna nishi, shi a ƙeya yake karɓarsa ya hau katako da shi har cikin mota yana wa 'yan dako tsiya. Matarsa Luba da 'ya'yansa da wannan wuyan suke ci.

Ranar da abin ya faru mun sayo kaya daga fadamun wajen Shinaka, rana tsaka, muna dawowa a motar kaya irin kanta. Ni ina gaba tare da direbanmu Ummaru, Sahabi yana bisa kan lodi kamar kullum. Sai babura suka fito daga cikin sabara, kowanne da goyo, fuskoki a naɗe. Ba su ce tsaya ba. Gilashi kawai na ji ya tarwatse a fuskata, Ummaru ya kifa a kan sitiyari, motar ta sauka gefe ta daki kunyar gona ta tsaya. Jininsa ya cika mini cinya, da ɗumi. Suka fizgo ni waje, wani ya taka mini baya da takalmi, bakina cike da ƙasa. Daga nan ina hango Sahabi a ɗaya gefen, yana ƙoƙarin tashi bisa gwiwa. Wani dogo ya tsaya a kansa yana tambayar ina mai kayan. Sahabi ya ce, "Ni na." Dogon ya juya bindiga ya kwaɗa masa gindinta a tsakar kai. Na ji ƙarar kamar an fasa kabewa. Ya sake ɗagawa zai ƙara, sai harbi ya tashi daga wajen ƙauye, 'yan sa-kai sun jiyo. Suka kwashe abin da ke aljihunmu da wayoyi suka bi daji.

Ummaru ya riga ya cika. Allah ya jiƙansa, ya bar mace da goyo. Sahabi ya suma, amma kafin mutane su taru ya farfaɗo, ya yi amai, jini na bin fuskarsa har ƙirji. Aka aza shi a babur, na zauna bayansa na rungume shi, kansa na lilo a kafaɗata duk ramin da muka faɗa.

A asibitin da ya fi kusa, ma'aikaci ɗaya ne da masu rauni jere a kan benci. Ya aske rabin kan, ya ɗinke, ya haska masa tocila a ido, ya tambaye shi sunansa da sunan garinsa. Ya amsa daidai. Ma'aikacin ya ce tunda ya suma, mu kai shi birni a yi hoton kai. Na gode wa mutumin nan, ko ruwa bai sha ba ranar. Washegari bayan jana'izar Ummaru muka tafi birni, muka wuni a layi. Hoto ya fito. Likita ya ɗaga shi ya ce ƙoƙon kai bai tsage ba, jini bai taru a ciki ba, ƙwaƙwalwa ce ta ɗan girgiza. Zai yi ciwon kai da jiri da mantuwa, amma zai wuce, ya huta.

Sahabi ya ce, "Likita, wuyan ma shina ciwo."

Ya ce dole, wanda aka buga haka duk tsokar wuya sai ta ɗaure. Ya rubuta magani, aka kira na gaba. Ba na zaginsa, mutane har bakin ƙofa suke. Amma takardar da muka zo da ita kai ta ce, na'ura kai ta ɗauka, shi ma kai ya duba. Da ya sa yatsa ya danna bayan wuyan nan, da labarin ya canza. Muka dawo gida muna murna, Inna mahaifiyarmu ta yi sadakar masa.

Makon farko abin ya zo yadda likita ya faɗa. Haske na damunsa, ƙarar inji na damunsa, a gaya masa magana yanzu anjima ya sake tambaya. Mutumin da ba ya faɗa sai ga shi yana daka wa yaransa tsawa. Muka ce kai ne.

Mako na biyu mantuwa ta ragu, ɗinki ya kame, amma ciwon ƙeya na nan, jiri na nan. Luba ce ta fara kawo mini magana. Ta ce, "Yaya, ka lura da yadda shika tashi in ya kwanta?" Na je na gani. Sai ya sa hannu biyu ya tallabo kansa, ɗaya a haɓa ɗaya a ƙeya, ya ɗago shi kamar mai sauke tulu cike da ruwa, sannan ya zauna. In an kira shi daga gefe, ba ya waiwayawa, da ƙirji yake juyowa. Ya ce mini in ya sunkuya ruku'u sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙeya har dunduniya, kamar ranar da minjirya, kifin nan mai lantarki, ta taɓa shi a gulbi muna yara. Yatsunsa na sagewa. Ludayin fura ya suɓuce masa a gabana, ya yi dariya ya ce hannun ya sangarce da zaman banza.

Sai shawara ta fara zuwa, ko'ina da tata. Kawu Ɗandare, ƙanen Inna, ya ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ja. Maƙwabciya ta ce iskar wurin da aka zubar da jini ce ta bi shi, ta kawo hayaƙi. Mai kemis ya haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki masu ƙarfi, waɗanda in ya sha sai ya ce ya warke, gobe zai fito lodi. Na hana shi, don likita ya ce ya huta, ba don na san wani abu ba. Inna kuwa ta ce mataccen jini ne ya sauko daga kai ya taru a ƙeya, ƙaho zai fitar da shi, kuma ga kai rabi a aske rabi da suma kamar na mahaukaci, a kira Baba Mode.

Baba Mode wanzamin gidanmu ne. Shi ya yi mana kaciya ni da Sahabi, shi ya cire wa 'ya'yanmu beli. Ya zo ranar Juma'a da hantsi da zabirarsa, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ina gefe ina ware tafarnuwa.

"Sahabi, wa ya yi ma wanga aski? Akuya ta ci rabi ta ƙoshi?"

"Masu farin kaya na, Baba. Su ba su wasa aska."

"Ai na gani. Zamna daidai, ƙaton banza. Ranar kaciyarka mutum huɗu sunka danne ka, yau ɗan ɗinki ya sa ka noƙe wuya kamar kunkuru."

Muka yi dariya. Ya yi tsaga a ƙeya ya kafa ƙaho, jini baƙi ya fito, Inna daga bakin ƙofa tana cewa ga shi nan, ga cutar nan. Ya aske kan tas, ya bi gefen ɗinkin a hankali yadda ko tabo bai taɓa ba. Gwanin aiki ne.

Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami a wajenmu ya san abin da ke biyo bayan aski. Zai shafe kan da ruwa, ya matsa kafaɗu, sannan ya kama haɓa da hannu ɗaya, tsakar kai da ɗaya, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, wuya ya ce ƙas, gajiya ta fita. Kyauta ce, ba a biya. In bai yi ba ma mutum sai ya ji an rage masa aski. Ni kaina an yi mini ba iyaka.

Baba Mode ya ce, "Saki jikinka in kore ma sauran."

Ya murɗa dama. Bai kai ga hagu ba.

Ƙarar ba irin wadda muka saba ji ba ce, ƙasa-ƙasa ta fito, kamar an taka ɗanyen rake. Sahabi ya sulale daga hannunsa kamar buhun da aka zazzage. Idonsa a buɗe, yana kallona. Fitsari ya jiƙa tabarma. Numfashinsa ya koma guntu-guntu, ya ce, "Yaya, ina hannuwana? Wa ya ɗauke min hannuwa?" Ga su nan a gefensa, kwance kamar na wani.

Inna ta kurma ihu. Rumfar 'yan dako tana kusa da gidanmu, abokan aikinsa suka kwararo. Wani ya ce wanzami ya karya Sahabi. Ban ankara ba sun ja tsohon nan waje da wuyan riga. Na ji duka tim, tim. Zabira ta watse, asake a ƙasa, an take ƙahon ya fashe. A ciki kuma Kawu Ɗandare ya kama hannun Sahabi yana cewa a zaunar da shi, a murɗa ɗaya gefen wuyan ya koma mazauninsa. Ya ɗan ɗago shi, sai na ga numfashin ya tsaya cak, leɓɓa sun fara duhu. Ya sake shi, numfashi ya dawo. Wannan na gani da idona, kuma ya ishe ni. Na ture Kawu, mutumin da ban taɓa ɗaga wa murya ba, na ce wanda ya sake taɓa shi sai na fasa masa kai. Na sa Luba ta durƙusa ta riƙe kan yadda yake. Na ɗauki sandar ƙofa na fita na shiga tsakiyar 'yan dako ina bugun duk wanda na samu, har suka watse. Baba Mode na kwance, baki duk jini, haƙora biyu a ƙasa, yana ta maimaita, "Ɗana na, ni na yi mashi kaciya."

Yayar Luba ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, aka kira ta a wayar maƙwabci. Ta ce kada a zaunar da shi, kada a sa masa matashi, kada a ba shi ruwa, a nemo abu mai tauri shimfiɗaɗɗe. Muka cire ƙyauren zaure. Muka tura shi bisa kai gaba ɗaya, kai da jiki tare, muka tokare kunnuwansa da ƙullin gero biyu, muka ɗaure goshinsa da rawani. A bayan a-kori-kura muka kai shi birni, ina durƙushe da kansa tsakanin tafukana har hannuna ya mutu.

A babban asibiti wata likita ce ta karɓe mu, ƙarama, ba ta da yawan magana. Kafin komai ta sa masa abin wuya mai tauri, kwala suke ce masa. Na ba ta hoton kai, na ba ta labarin gindin bindiga da na aski. Ta sunkuya ta tambayi Sahabi da kansa, "Kafin a buge ka, yaya aka yi ka sauko daga kan motar?"

Ya ce, a hankali, "Ƙahwata sunka ja. Da kai na hwaɗo."

Na ce, "Sahabi! Don mi ba ka taɓa hwaɗi ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Yaya. Kowa bindiga shika tambaya."

Ni ina gaba a motar, fuskata a ƙasa, ban gani ba. Daga saman lodi, tsayin da ya fi mutum biyu, da kai.

Aka yi hoton wuya, aka sake yin wani mai tsada wanda ke nuna lakar da ke cikin ƙashin wuya. Ta kira ni ta nuna mini. Can sama, inda kai ke juyawa, akwai ɗan ƙashi tsaye kamar turke. Ya karye tun ranar harin, jijiyoyi ne kawai suka riƙe shi a wurinsa duk makonnin nan. Murɗawar ce ta gusar da shi ya danne laka. Ta ce ciwon ƙeya da jiri da muka ɗora wa kai, wuya ma yana kawo su, shi ya sa ɗaya ke ɓoye a bayan ɗaya. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini: "Dukan da ya isa ya sumar da mutum ya isa ya karya masa wuya. Mu a nan, wuyan irin wannan karyayye ne har sai an duba an tabbatar ba haka ba." Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce ba ta sani ba. Na ji daɗin da ba ta yi mini ƙarya ba.

Abin da aka yi masa a ranar ban so Luba ta gani ba. Aka kawo wani ƙarfe kamar babban awartaki, aka yi masa allura a gefen kai biyu, aka riƙa murɗa kusoshi suna shiga ƙoƙon kansa yana farke. Allura ta kashe fata, ba ta kashe ƙarar ba. Yana cewa yana jin ta a haƙoransa. Mutumin da aka buga da bindiga bai yi kuka ba, ranar ya kira Inna. Aka ɗaura igiya a ƙarfen, aka rataya nauyi a bayan gado yana jan kansa don ƙashin ya koma layi.

Haka ya kwanta makonni yana kallon silin. Robar fitsari. Kashi a kwance, ni nake kwashewa, don ya ce ba ya so Luba ta yi. Juya shi sai da mutum huɗu, ɗaya a kai, kamar gungume, kuma in ba ka nemo mutanenka ba babu mai juya maka, ma'aikata ba su isa ba. Duk da haka gyambo ya fito masa a kuturi, yana wari. Akwai wata ma'aikaciya tsohuwa da ke wanke shi kamar ɗanta, Allah ya saka mata. Akwai wata kuma da in ka kira sai ta dube ka kamar ka zo bara. A gadon da ke kusa akwai ɗan acaba, shi ma wuya, shi nasa an ɗauko shi hannu da ƙafa daga bakin titi. Bai kai ƙarshen wata ba.

Komai saye ake, har safar hannu. Albasar da na ajiye a rudu, rumbunmu na albasa, ina jiran ta yi tsada, na sayar da ita a lokacin da ta fi arha, na bi da injin ban ruwa. Da aka ce za a yi aiki a ɗaure ƙashin da ƙarfe, Kawu ya zo da mota da wasu dangi, wai a sallame shi a kai shi wurin wani mai ɗori a wajen Rabah.

"Ana yanka wuya a rayu? Ɗan'uwanka na, ba rago ba!"

Na ce, "Kawu, mai ɗori mi za shi kama? Hannu ya taɓa wuyan nan sau ɗaya, ka ga abin da munka samu. In kana son ɗaukar shi, sai ka bi ta kaina."

Ya tafi yana cewa kuɗi sun sa na raina manya. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta masallaci ba. Jinin da aka nema kuwa, 'yan dakon nan da na daka da sanda su suka cika mota suka zo suka bayar.

Aka yi aiki. Babban yatsan ƙafa ya fara motsi, sai gwiwa. Ƙafafu suka riga hannuwa dawowa. Ranar da ya tsaya riƙe da ƙarfe, Luba ta fita waje ta yi kukanta ta dawo. Muka shiga zuwa gashin ƙashi a asibiti wata da watanni. Hannun dama ya dawo kusan duka. Na hagu yatsunsa sun lanƙwashe, ba sa damƙa. Wuya ba ya juyawa sai kaɗan. Likita ta ce kaya a ka, ko a ƙeya, har abada babu.

Da muka dawo gida na sami Baba Mode ya rataye zabira, ba ya fita ko majalisa. Na tsaya ƙofar masallaci bayan sallah na faɗa wa jama'a abin da hoto ya nuna, cewa ɓarayi suka karya wuyan, tsohon nan bai sani ba kamar yadda mu ba mu sani ba. Ya koma aiki, amma ya bar murɗa wuyan kowa.

Don haka in aka bugi naka a kai, ko ya faɗo, ko babur ya yar da shi, ko da ya tashi yana magana, kada ka aza shi a babur in da hali, ka shimfiɗe shi. Ka tambaye shi yadda ya faɗi, ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Hoton kai ba hoton wuya ba ne, ka buɗe baki ka ce a duba wuya. In ka ga yana tallabe kai da hannu, ko yatsu na sagewa, ko abu na tsarga masa a baya, ka koma asibiti ranar. Kada wanzami, ko mai ja, ko mai tausa ya taɓa shi.

Abin da ya rage shi ne shi kansa Sahabi. Duk mai zuwa dubiya sai ya ce masa za ka koma kamar da. Inna ma haka take ce masa. Da albasa ta sake fitowa, wata safiya na zagaya bayan rumfa sai na same shi ya naɗa gammo ya ɗora a ka, ya ɗan rusuna, 'yan dako biyu sun ɗago buhu sun kawo shi daidai kafaɗarsa. Da gudu na zo na bangaje buhun, ya faɗi ya fashe, albasa ta watsu har kwata. Na juya na sharara wa na kusa da ni mari.

Sahabi ya yi kaina. Ya kai hannun hagu ya cafki wuyan rigata, yana huci. Na tsaya ban motsa ba. Yatsun suka zame daga rigar da kansu. Ya sake kamawa, suka sake zamewa.

Na ce, "Ba za ka koma kamar da ba. Duk wanda ya ce maka haka, tausayi na. Buhu ɗaya, sai mu ɗauke ka a ƙyaure, kuma wannan karon ba asibiti za mu ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "To mi zan ci da ɗiyana, Yaya? Sadakarka?"

"Ban da sadakar ba ƙato. Ga manomi can, mutumin Giyawa, da albasa bisa jakkai, tun ɗazu shina jirana, kuma ya fi ni taurin kai. Shekara nawa kana jin yadda nika yi da su? Tahi. In ya cuce ka, daga rabonka za a cire."

Ya cire gammon ya yar. Ya taka a hankali har gaban manomin, ya sa aka kwance buhu ɗaya, ya tura hannun dama can ƙasa ya zaro albasa ya matsa. Manomin ya faɗi kuɗinsa. Sahabi ya juya masa baya gaba ɗaya, ƙirji da kai tare, ya fara tafiya. Bai yi nisa ba mutumin ya biyo shi yana cewa, "Haba Malam, tsaya mana mu yi magana."